Tsohon Barikin Soja Da Aka Bari: Ta Ina Ake Farawa Kafin Ya Zama Makaranta, Kasuwa Ko Filin Wasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. A bayan garinmu akwai tsohon barikin soja da aka tashi daga cikinsa shekaru da dama. Gine-ginen sun fara zubewa, yara na kiwo da buga ƙwallo a ciki, 'yan gwangwan sun ɓalle ƙofofi da tagogi. Ƙungiyar ci gaban garinmu na son a mayar da shi makarantar koyon sana'a da kasuwa da filin wasa, har mun sa an zana mana taswira. Ta ina za mu fara? Kuma akwai inda aka taɓa yin haka aka dace?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abin da kuke so yana yiwuwa, an kuma yi shi a ƙasashe da dama an ci moriya. Sai dai taswirar nan da aka zana muku, ku naɗe ta ku ajiye tukuna. A filin soja ba mai zane ne ke faɗin inda makaranta za ta zauna ba, ƙasar ce ke faɗa. Bariki ba gona ba ce da aka bari ta yi saura. Wuri ne da aka yi shekara da shekaru ana harbi, ana ajiye albarushi, ana tsiyayar da mai, ana wanke injuna, ana binne abin da ba a so, galibi kuma ba tare da an rubuta ba. Idan kun riga kun sa ajin yara a kan takarda, daga baya bincike ya nuna nan ne ramin da ake ƙona tsofaffin harsasai, za a shiga ja-in-ja, kuma sau da yawa takardar ce ke yin rinjaye domin an riga an yi wa jama'a alkawari.

Ku fara da sanin filin na wane ne. Tashin soja daga wuri ba sakin wurin ba ne. A Najeriya Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, amma sashe na 49 ya keɓe filayen da suke hannun Gwamnatin Tarayya da hukumominta a lokacin da dokar ta fara aiki. Ke nan in barikin tsoho ne, albarkar hakimi ko sa hannun shugaban ƙaramar hukuma ba za su wadatar ba, sai takarda ta fito daga ɓangaren Ma'aikatar Tsaro. Haka sansanonin da Faransa da Amurka suka bari a Nijar da Chadi tsakanin 2023 da 2025, sojojin ƙasashen aka miƙa wa, ba kufai ba ne da gari zai shiga. Takardar da za ku nema ta faɗi iyakar filin da alamomin safiyo, ta faɗi ko mallaka ce ko haya da yawan shekarunta, sannan ta faɗi wanda zai ɗauki nauyin tsabtace abin da soja ya bari. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa, shi ne kuma mai tsada. Ƙasar Filifin ta ga haka: yarjejeniyar sansanonin da ta ƙulla da Amurka a 1947 ba ta wajabta wa Amurka tsabtace wuri in za ta tafi ba, don haka da sojojin Amurka suka bar sansanin Clark a 1991 da na Subic a 1992, gurɓatar ta zauna a wuyan masu ƙasa.

Kafin takarda ta fito, akwai aikin da ba ya jira: gadi. Waɗannan sansanoni biyu na Filifin sun isa misali. Clark, bayan aman wutar dutsen Pinatubo da tafiyar Amurkawa, an wawashe shi, har wayoyin lantarki da kayan banɗaki. A Subic kuwa magajin garin Olongapo na lokacin, Richard Gordon, ya tara dubban 'yan sa-kai suka tsare gine-gine, suka ci gaba da sharewa da yanke ciyawa, sai ga shi masu zuba jari sun tarar da wuri a tsaye. Ku nemi izinin sa masu gadi, ku toshe rufin da ke yoyo a gine-ginen da suke da sauran ƙwari, domin damina biyu ko uku babu rufi sun isa su kashe ginin da ya shekara 50 a tsaye. Amma kada kowa ya haƙa komai, ko da ramin dasa turke ne.

Daga nan sai tattara tarihin wurin, aiki mafi araha kuma mafi amfani. Ku nemi tsohuwar taswirar barikin a wajen injiniyoyin soja, da tsofaffin hotunan sama a ofishin safiyo, da hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun baya. Sannan ku nemi mutane: tsofaffin sojojin da suka zauna a wurin, leburori, masu wanki, makanikai, matan da suka yi kasuwa a bakin bariki, da makiyayan da suka san inda dabba ba ta son ciyawa. Ku zaga da su, kowa shi kaɗai, kuna sa alama a taswira. Tambayoyin su zama a fili: ina ake koyon harbi, ta wace fuska harsashi ke tafiya, ina ake jefa gurneti, ina rumbun makamai, ina ake shan mai, ina garejin motoci, ina ake ƙona shara, ina ake gwajin kashe gobara, ina aka taɓa jin fashewa. In mutum uku da ba su zauna tare ba suka nuna wuri ɗaya, ku ɗauke shi da muhimmanci. Ido ma yana taimakawa: tudun ƙasa mai tsawo wanda ba halitta ba, fili tsirara a tsakiyar ciyawa, bututu gajere da ya leƙo daga ƙasa, ƙasa mai baƙi da warin gas bayan an yi ruwa.

Yanzu ga abin da ke kisa nan take. Ba kowane harsashin igwa ko gurneti ko roka da aka harba yake tashi ba. A bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu ana ƙiyasta kusan 1 cikin 10 bai fashe ba, shi ya sa har yau ake kwashe unguwanni a Jamus in an tono ɗaya. Tsufa ba ya kashe su. Tsatsa tana cin abin da ke riƙe da kunamar ne, sai ya zama ɗan motsi ko zafin wutar daji ya isa ya tayar da shi. A Disambar 1983 yara biyu 'yan shekara 8 suka rasu a unguwar Tierrasanta da ke San Diego a Amurka, bayan sun tsinci tsohon harsashin igwa a kwarin da ke bayan gidajensu. An gina unguwar ne a kan tsohon sansanin Camp Elliott, an kuma taɓa share saman filin, amma ruwa da zaizaya suka fito da abin da ke binne. Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan masifa: fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja ranar 27 ga Janairun 2002 ta yi sanadin mutuwar mutum fiye da 1,000, ta kuma watsa makaman da ba su tashi ba cikin unguwanni.

Wannan aikin na injiniyoyin soja ne, ko sashen kwance bam na 'yan sanda, ko ƙungiyar da ke da izinin kawar da nakiyoyi. Ba na matasan gari ba ne, komai jarumtarsu. Amma ku san yadda ake yi don kada a yi muku aikin ganin ido. Ana yanka filin da ake zargi gida-gida, misali mita 50 sau 50, a ja igiya a fitar da layuka masu faɗin mita 1, a rage ciyawa ba tare da an taɓa ƙasa ba, a duba sama da ido, sannan a bi da na'ura. Na'urorin iri biyu ne. Mai aiki da maganaɗisu tana jin baƙin ƙarfe daga zurfi, amma ba ta jin tagulla ko alminiyam. Mai aika igiyar lantarki tana jin kowane ƙarfe, amma ba ta nisa sosai. Marmara da jar ƙasa mai yawan ƙarfe suna rikita na'ura ta yi ta kuka, don haka a binne ƙarfen gwaji a zurfin da aka sani, a tabbatar kowace safiya na'urar tana jinsa. Duk inda ta yi kuka sai an tona da hannu, kuma mafi yawan abin da za a samu ƙusa ne da kwanso da gwangwani. Shi ya sa aikin ke cin lokaci.

Tambayar da ya kamata ku matsa a kai ita ce zurfi. Ƙa'idar duniya ta kawar da nakiyoyin da ake binnewa tana magana ne a kan zurfin da bai gaza santimita 13 ba. Wannan ya ishi mai tafiya a ƙasa, bai ishi garmar shanu ba, balle harsashin gini mai zurfin mita 1 da rabi, ko ramin masai, ko ramin kwalbati. Takardar da aka ce “an share” ba tare da faɗin zurfi da iyaka ba, ba ta da amfani. Ku sa a rubuta: gida kaza zuwa kaza, an share zuwa zurfi kaza, da na'ura kaza, ranar kaza, kuma wani daban ya sake bin wani kaso don tantancewa. Inda za a yi gini mai zurfi, ana haƙawa ne hawa-hawa, a kankare kamar santimita 30, a bi da na'ura, a sake kankarewa, ma'aikacin kwance bam yana tsaye kusa da katafila. Akwai kuma inda hankali shi ne a haƙura. Sansanin soja na Fort Ord a Kalifoniya ta Amurka, mai faɗin hekta kusan 11,000, an rufe shi a 1994, jami'a ta fara karatu a wani sashensa a 1995, amma filin da harsasan igwa ke sauka yana kewaye da waya shekaru da dama bayan haka ana ta aiki. Ba gazawa ba ce a killace wani yanki a bar shi.

Tun yau, kafin duk wannan, ku je makarantun boko da na allo da masallatai da wajen 'yan gwangwan da saƙo ɗaya: abin da ba ka sani ba kada ka taɓa, ka koma ta sawun da ka zo, ka faɗa wa babba. Dillalan da ke sayen ƙarfe a kilo su ne suka fi bukatar zama na musamman, domin abin yakan tashi ne a lokacin da ake bugunsa da guduma don a raba tagulla da baƙin ƙarfe.

Haɗari na biyu ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, shi ya sa aka fi raina shi. Tudun da ke bayan allon harbi cike yake da dalma. Harsashi yana farfashewa, ya ruɓe ya zama ƙura, yaro ya yi wasa ya kai hannu baki. Wanda ya tuna abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara kimanin 400, ba ya bukatar dogon bayani. Na'urar da aka yi aiki da ita a can, ta hannu mai suna XRF, ita ce ta dace a nan: ana ɗora ta a kan busasshiyar ƙasa da aka tankaɗe, ta ba da lamba cikin minti ɗaya ko biyu, sai a aika wani kaso na samfurin ɗakin gwaje-gwaje don tabbatarwa. A Janairun 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sauke ma'aunin da ke sa a fara bincike a ƙasar gidaje daga miligiram 400 zuwa 200 a kowane kilo. Tudun harbi yakan kai dubbai. Maganinsa a jiƙa shi don kada ƙura ta tashi, a tankaɗe harsasan, a gauraya sauran da siminti ko sinadarin fosfet don ya daina narkewa, a kai rami mai shimfiɗa nesa da ruwa. Babban kuskuren da ake yi shi ne direban tifa ya ga tudun ƙasa a banza, ya kwasa ya sayar wa masu ciko. Da haka gubar da ke wuri ɗaya take shiga tsakar gidaje 50.

Sai mai. Duk barikin da ke da motoci yana da tanki a ƙarƙashin ƙasa, tankin ƙarfe kuma yakan huje in ya tsufa, bututunsa ma ya riga shi. Fetur da gas da kananzir sun fi ruwa rashin nauyi, sai su sauka su kwanta a saman ruwan ƙasa, daidai inda rijiyar gargajiya ke ɗiba. A cikin fetur akwai sinadarin benzin mai jawo sankarar jini, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa iyakarsa a miligiram 0.01 a litar ruwan sha, wato ɗigo kaɗan ya ɓata ruwa mai yawa. A Clark an tsugunar da dubban iyalan da dutsen Pinatubo ya raba da gidajensu a wani fili da ya taɓa zama garejin motocin sansanin, aka haƙa musu rijiyoyi marasa zurfi, suka yi ta korafin ruwa mai maiƙo da wari, daga baya aka yi ta samun rahoton rashin lafiya a cikinsu. Tankin da aka gano, a zuƙe abin da ke ciki, a wanke, a cika shi da ruwa ko iskar da ba ta kama wuta, a auna tururin da na'ura, sannan a ɗago shi. Kada mai walda ya kusance shi da wuta ko injin yanka. Tankin da ake gani fanko ne ya fi cikakke saurin fashewa, domin tururi da iska ne a ciki.

Ƙasar da mai ya jiƙa tana da magani mai sauƙi, kuma zafin ƙasarmu yana taimakawa. Ana shimfiɗa leda mai kauri, a yi mata gefe, a baza ƙasar kaurin santimita 30, a zuba taki, a riƙa yayyafa ruwa tana da laima ba caɓi ba, a juya ta duk mako ɗaya ko biyu. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su ne ke cinye man cikin watanni. Amma wannan dabarar ba ta aiki a kan dalma, ba ta kuma aiki a kan abubuwa uku masu zuwa.

Na farko ruwan wanke injuna da makamai mai suna TCE. Shi ya fi ruwa nauyi, don haka ba ya tsayawa a sama, nutsewa yake har sai ya tarar da yumɓu ko dutse, tururinsa kuma yana iya ratsa daɓe ya taru a cikin ɗaki. Yana cikin abubuwan da suka gurɓata ruwan shan sansanin Camp Lejeune a Amurka daga 1953 zuwa 1987. Na biyu kumfar kashe gobarar mai, wadda ake amfani da ita a filayen jiragen sama da ma'ajiyar mai. Tana ɗauke da sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa, tafasa ruwa kuma ba ta cire su. A Afrilun 2024 Amurka ta sa iyakar manyan biyu daga cikinsu a nanogiram 4 a lita, ƙanƙantar da sai ɗakin gwaji na musamman ke iya aunawa. Na uku man tsohuwar taransifoma, wanda kan ƙunshi wani sinadari mai guba da ake kira PCB. Ɓarayin tagulla kan kifar da shi a ƙasa, wasu ma su sayar da shi. In an ga taransifoma a fashe, a killace ƙasar da ke kewaye da ita, a sanar da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ko ma'aikatar muhalli ta jiha.

Don sanin halin ruwan ƙasa ana haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji, mafi ƙaranci guda 3 a kusurwa uku kamar duwatsun murhu, domin da tsayin ruwa a wuri uku ne ake gane inda yake gangarawa. Ɗaya ta kasance a sama da wurin da ake zargi, sauran a ƙasa da shi. A ɗibi samfuri sau biyu, ƙarshen rani da ƙarshen damina, domin sakamakon yakan bambanta ƙwarai. A haɗa da rijiyoyin maƙwabta da ke gangare. Kuma kada a yi gaggawar haƙa burtsatse a ce ai mai zurfi ce. In aka huda shimfiɗar yumɓun da ke raba ruwan sama da na ƙasa ba tare da an liƙe gefen bututun da siminti ba, an buɗe wa gubar hanya ke nan zuwa ruwan da yake da tsabta.

Sai bayan wannan za ku warware taswirarku ku ɗora ta a kan ta binciken. Wuri mafi tsabta, wanda galibi shi ne ɓangaren gidajen kwana da ofisoshi da filin fareti, na yara ne da asibiti da lambu. Wurin da ke da 'yar gurɓata wadda ba ta tururi ya dace da abin da za a rufe da kankare ko kwalta: tasha, rumfunan kasuwa, wurin makanikai, farantan hasken rana. In dole sai an yi filin wasa ko lambu a irin wannan wuri, ana shimfiɗa ƙyalle mai launi a matsayin alama, a zuba ƙasa mai tsabta santimita 60 a kai. Ku yi lissafi kafin ku yi alkawari: hekta 1 tana cin mita kubik 6,000, wato sawu 600 na tifa mai ɗaukar kubik 10. Berlin ta bi hanya mai sauƙi a Tempelhof, filin jirgin da sojojin saman Amurka suka zauna a ciki har 1993. An rufe shi a 2008, aka buɗe wa jama'a a Mayun 2010 kusan yadda yake, titin jirgi ya zama na masu keke da gudu. Da yake an hana haƙa, masu lambu sai suka yi shuka a cikin akwatunan katako a saman ƙasa. A 2014 mutanen birnin suka jefa ƙuri'a suka hana a yi gini a filin.

Gine-ginen bariki suna da daɗin juyawa, domin dogaye ne masu ɗakuna a jere, aji mai mita 7 sau 8 yana fita cikin sauƙi. Injiniya ya fara da rufi da katakon da gara ta ci, sannan tsagar bango. Tsagar da ta yi karkace kamar matakala, ko ta wuce faɗin milimita 5, alamar harsashin gini ya motsa ce. A liƙa mata ɗan siminti a rubuta kwanan wata, a duba bayan damina ko ya sake tsagewa. Inda kankare ya ɓare rodi ya fito da tsatsa, a auna ƙarfinsa kafin a ɗora wani nauyi. Kwanon rufi da silin na asbestos su ne tarkon. Muddin suna lafiya ba a taɓa su ba, haɗarinsu kaɗan ne. Fasawa da zarto da shara a bushe ne ke tayar da zaren da ke shiga huhu, cutar kuma sai bayan shekara 20 zuwa 40 take bayyana. A jiƙa, a kwance ƙusa ɗaya-ɗaya, a sauko da kowane falle ɗungurungum, a naɗe da leda ninki biyu, a binne a wurin da aka yi wa alama. Ma'aikata su sa takunkumi mai matata ta gaske, ba na asibiti ba, su kuma bar kayan aikin a wurin kada su kai wa iyali. Tsohon fenti ma a gwada shi, kada a goge shi a bushe. Rumbun makamai mai kaurin bango yana da sanyi, yana iya zama ma'ajiyar hatsi in an wanke shi an gwada daɓe da magudanarsa an buɗa masa iska. Amma kada kowa ya shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko tanki da ya daɗe a rufe sai an auna iskar ciki.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne bututu da waya. An gina bariki don mai gida ɗaya, mita ɗaya, ƙofa ɗaya. Layukan ruwa da na lantarki suna ratsa fili ta inda suka ga dama, da zarar an yanka fuloti sai a tarar bututun wani yana ƙarƙashin ɗakin wani. Ku ɗauka cewa sabo za a ja, ku sa shi a kasafi tun farko. Katanga kuma a huda ta daidai inda titunan gari suka zo suka tsaya, in ba haka ba kasuwar za ta zama tsibiri, mata ba za su zaga kilomita 2 don su shiga ta ƙofar soja ba.

A kan yadda ake raba wuri, unguwar Vauban a birnin Freiburg na Jamus ta cancanci a duba. Bariki ne da aka gina a shekarun 1930, sojojin Faransa suka zauna a ciki daga 1945 zuwa 1992. Birnin ya sayi filin, kimanin hekta 38, ya tsabtace shi, ya ja hanyoyi, sannan ya sayar da fuloti ƙanana, da yawa ga ƙungiyoyin iyalai da suka haɗa kuɗi suka gina benensu tare, maimakon a miƙa wa babban ɗan kwangila ɗaya. Kuɗin fulotin ne ya biya makaranta da hanyoyi. Wata ƙungiyar matasa da masu ƙaramin ƙarfi ta dage aka bar mata gine-ginen bariki 4 ta gyara da hannunta suka zama gidaje masu araha, wasu kuma suka zama ɗakunan kwanan ɗalibai. An bar manyan bishiyoyin da aka tarar. Ƙungiyar mazauna, Forum Vauban, da aka kafa a 1994, tana zaune a teburin tsarawa tun kafin a aza tubali a 1998. Yau mutum kusan 5,500 ke zaune a wurin. Ku lura da tazarar: shekara 6 daga tafiyar soja zuwa fara gini, a ƙasar da ke da kuɗi da ƙwararru.

Ginawa ta fi riƙewa sauƙi, don haka ku ware wani ɓangare da zai riƙa kawo kuɗin albashin mai gadi da gyaran famfo. A Greenham Common da ke Ingila, tsohon sansanin makamai masu linzami na Amurka, wata gidauniyar gari ta sayi wurin a 1997 kan fam miliyan 7, ta riƙe ɓangaren gine-gine ta mayar da shi wurin haya ga kamfanoni, ta sayar wa ƙaramar hukuma buɗaɗɗen filin kan fam 1. An farfasa titin jirgin aka sayar da kankaren ga masu aikin hanya da gini, aka buɗe filin ga jama'a da dabbobin kiwo a 2000, kuɗin hayar kuma har yau yana tafiya ga ayyukan taimako na yankin. A wajenku wannan na nufin shaguna da rumbunan ajiya su zama na kwamitin amintattu mai rajista, da asusun banki mai sa hannun mutum uku, da bayanin kuɗi a bainar jama'a duk shekara. Haya ce ake bayarwa mai wa'adi, ba sayarwa ba, domin filin da aka fara yankawa ana raba wa manya ba ya kai wa ga makarantar.

Kada ku manta filin ba kango ba ne a idon kowa. Akwai masu noma a gefe, akwai burtalin da ya ratsa, akwai iyalan tsofaffin sojoji da suka saura a wasu ɗakuna, wataƙila akwai maƙabarta, akwai kuma zuriyar waɗanda aka karɓi gonakinsu lokacin da aka kafa barikin. A ƙidaya su da sunayensu a gaban mai unguwa da dagaci kafin labarin aikin ya bazu, domin bayan ya bazu masu da'awa sukan ninka.

Duk inda aka rufe gurɓata maimakon a kwashe, ko aka share zuwa wani zurfi aka tsaya, sai an rubuta shi a jikin takardar mallaka da ta haya: nan ba a haƙa fiye da kaza, nan ba a yin rijiya, nan ba a shuka abin ci. A kafa turakun kankare masu lamba a kusurwoyin, a ajiye kwafin taswirar a ofishin ƙasa da safiyo, da ƙaramar hukuma, da fadar hakimi, a kuma ba masu haƙa burtsatse na yankin nasu. Rijiyoyin gwajin nan 3 a sa musu murfi da kwaɗo, a ci gaba da ɗibar samfuri rani da damina, a liƙa sakamakon a allon sanarwa na kasuwar.